Tsiren Inna

Daura, Lahadi bayan la'asar

Zuwa ga maigidana Suhaibu, jikan da ya tsere Badun ya bar tsohuwa da kewa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Siddiƙa da 'yar baƙuwar da Allah ya sauke mana. Mu nan ƙalau muke, in ka cire gwiwata da ta zama zakara, ita ke tashina kafin ladan. Babarka tana lafiya, ubanka ma haka, yana ta zaryarsa tsakanin gida da karar shanu ta Mai'adua.

Barka da arziki! Allah ya raya, ya yi wa rayuwarta albarka. An ce sai da likitoci suka yi wa Siddiƙa aiki kafin a ciro yarinyar. Ka yi mata sannu, ka ce ta sha kunun kanwa da kyau, kada ta biye wa shayinku na 'yan boko. An kuma ce ka yi wa jaririyar huɗuba da sunana. To madalla. Ka dai jawo wa mutanen gidan nan aiki, don yanzu babu mai bakin kiran sunan yarinyar sai ni. Kubura! Kubura! Ka ga har na fara.

Kada ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Wayar gidan nan ba ta da sirri, da na ce "angona" sai ka ji an daina daka a tsakar gida. Kuma ban sha wahalar ajin yaƙi da jahilci don biro ya bushe a cikin kwalla ba.

Yanzu mu zo kan maganar da ta cika gari. Ashe haka kake? Fadila ƙanwarka ta kawo wayarta ta nuna min hoton nan mai motsi da abokinka ya ɗauka a asibiti. Ga ka nan tsaye, ƙato har da gemu, an miƙo maka jaririya cikin tawul, sai ka ɓare baki. Ita kuwa ta yi shiru tana kallonka, tana mamakin wanne aka haifa a cikinku. Hawayen da ka zubar, da a Kusugu ka zuba su da mata sun ɗebi ruwa ba guga. Kai da aikinka a asibiti ɗibar jinin mutane ne, ko gezau ba ka yi! Rabona da ganin bakin nan a buɗe haka tun ranar da akuyata ta cinye maka ƙosai.

Kuma 'yar fari! Ka rungume ta a gaban surukarka, kana ta shafa mata kai. A zamaninmu da sai a ce asiri aka yi maka. Kakanka, Allah ya ji ƙansa, ranar da aka haifi ubanka, ɗan farinmu, gona ya tsere, da zai dawo kuwa ta katangar baya ya haura don kada a yi masa barka.

Hoton dai ya zaga Daura, waya zuwa waya. Babarka ta kalla ta ja mayafi ta rufe fuska, wai kunya, amma na ga kafaɗunta suna rawa. Ubanka kuwa yana zaune a bakin ƙofata yana shan fura Fadila ta miƙa masa. Ya kalla tun daga farko har ƙarshe. Sai ya ajiye ludayi, ya sa takalmi, ya fita.

Ga Mainasara direba can a zaure yana ta rafka sallama, wai ya bar tirela cike da shanu a bakin titi. Shi zai kawo maka takardar nan da ragon suna, fari mai baƙin wuya. Sauran labarin sai ya sake zuwa. Ka share majina kafin ranar suna.

Uwargidanka,
Inna Kubura

*

Sabo, Ibadan, bayan suna

Zuwa ga Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da gwiwa. An yi suna lafiya. Siddiƙa ta fara takawa a tsakar gida, takwararki kuma tana shan nono kamar an aiko ta. Rago ya iso, kowa ya yaba. Na gode, na san ke ce, kamar kullum.

Inna, yau ba zan iya biye miki a wasa ba. Abin da hoton bai nuna ba shi ne abin da ya faru kafinsa. Likita ya fito ya ce min in yi addu'a, ba shi da tabbas a kan uwar ko 'yar. Na zauna a benci ni kaɗai a garin da ba ni da dangi, sai daga baya abokina da surukata suka iso. Da aka miƙo min ita tana numfashi, aka ce uwarta ma ta farfaɗo, ban san lokacin da kukan ya zo ba.

Ina fitowa Baba na fara kira. Na ce, "Baba, na tsorata ƙwarai, na ɗauka zan rasa su. Ina ma kana kusa da ni." Can sai ya ce, "To. Ya kasuwar shanu a wajenku?"

Mainasara kuma ya ba ni labari cewa a kara abokan Baba sun sa shi gaba da dariya, Alhaji Abdulbaƙi yana cewa ɗan wane ne ke kuka kamar wanda aka yi wa kaciya. Baba ya ce musu, "Goyon kaka ne." Sai ga takardarki ta ce ya kalla ya tashi ya fita. Na gane. Na ba shi kunya.

Tunda nake Baba bai taɓa kiran sunana ba, daga "kai" sai "yaron Inna". Na san ni ɗan fari ne, na san al'ada ce. Amma ina kallo yana ɗora Fadila a gaban babur yana yi mata waƙa, ni kuwa ko haɗa ido ba ma yi. Keken da na hau, takalman Sallah, tsiren da nake ci da yamma, duk daga hannunki suka fito. Ki gaya min gaskiya, Inna: namiji ya nuna abin da ke ransa, rauni ne?

Mun so mu kawo miki takwararki da Babbar Sallah. Na fasa. Ba zan iya shiga gida in yi kamar ban san 'yata ba, kuma ba na so in ɗauke ta Baba ya sake sa takalmi ya fita.

Jikanki,
Suhaibu

*

Daura, bayan Ƙaramar Sallah

Zuwa ga sarkin fushi, mijin tsohuwa,

Assalamu alaikum. Ina fata kun sha ruwa lafiya, kun yi Sallah lafiya. Mu ma alhamdu lillahi, sai zafi, har kaji sun daina yawo. Gwiwa tana nan tana aikinta.

Takardarka ta yi azumi cur a aljihun motar Mainasara. Tirelar ce ta lalace masa a hanya, da aka gyara kuma ya manta, sai jiya ya kawo ta duk ta sha baƙin mai. Ni ina nan ina cewa angona ya samu sabuwar Kubura ya yar da tsohuwar, ashe kai kana can kana cewa shirun Inna ma amsa ce. Shi ya sa gaisuwar Sallarka a waya ta zo gajeriya kamar wandon aro.

Kai Suhaibu, a ɗakina ka girma. Yaushe na taɓa ba ka tatsuniya na ƙarasa ta a zama ɗaya? Na ce maka ya sa takalmi ya fita. Na ce maka ga inda ya je? To gyara zama.

Da ya fita, sai na ɗauki sandata na bi bayansa, wai zan duba awaki. Na same shi a bayan gida wajen turke, ya durƙusa ya rungume wuyan ragon nan fari mai baƙin wuya, ya cusa fuska a gashinsa. Ragon yana ta tuƙa abinsa, shi kuwa bayansa sai girgiza yake, yana cewa, "Alhamdu lillahi, Allah ka tsare min su." Na yi tari. Ya miƙe zumbur ya ce, "Inna, kaska nake cire masa." Na ce, "Kaskar nan ta shiga da nisa, tunda da hanci ake ciro ta."

Ragon da ka yi min godiya a kansa ke nan. Ni ina na ga rago? Nasa ne na layya, tun yana ɗan ƙarami yake kiwonsa da hannunsa, dillalai sun yi zarya ya hana. Da kansa ya ja shi zuwa titi, ya ce wa Mainasara, "Saƙon Inna ne."

Tunda ka tono maganar tsire, bari in tambaye ka. Ka taɓa ganin na ci? Ni da turamena suka zube tun kafin a yaye ka, ko ƙuli sai na jiƙa. Duk yammar da ubanka ya dawo daga kara zai shigo da ƙunshi ya ce, "Inna, ga naki." Sai ya zauna a bakin ƙofa ya juya maka baya, yana ba ni labarin shanu da ban tambaye shi ba, har sai ya ji ka gama lashe takarda sannan ya tashi. Wane ɗa ne ke gaishe da uwarsa safe da rana da yamma kullum? Ka ɗauka kyauna yake zuwa kallo? Keke ma haka, takalma ma haka. Ni dai bakin ƙofa ce, ta kaina ake wucewa.

Kai har ka samu da sauƙi, gida ɗaya kuke. Shi ana yaye shi yayar kakanka ta goya shi ta tafi da shi Mai'adua, shi ya sa duk gari ke ce masa Nagoggo. Ba mugunta aka yi mana ba, haka aka yi wa kowa. An koya mana cewa mai rungumar ɗan fari a gaban iyayensa ba shi da ta-ido, kuma ɗan da uwa ta saki shi dangi ke rububi. Sunansa na yanka har yau bai taɓa fita daga bakina ba. Amma duk ranar kasuwa sai na dama fura na ba kakanka, na ce a kai wa Goggo. Goggon da fura ke sa ta ƙwarnafi! Ka ga gadon gidanmu ke nan, kowa da wanda yake fakewa da shi.

Maganar kara kuwa, me kake so ya ce? Ya tsaya a tsakiyar dillalai ya yabi ɗan farinsa? Ai da an ɗaure shi da igiyar shanu. Ya ɗora min laifi, ni kuwa na ɗauka, goyona ne kuma ina alfahari. Amma Mainasara bai gaya maka cewa tun ranar nan ubanka ya ɗauke tabarmarsa daga rumfar Abdulbaƙi ba? Kuma ya sa Fadila ta zuba masa hoton kukan naka a wayarsa, wai don Inna ta riƙa gani. Har yau ba a nuna wa Inna ba, sai dai in ji muryarka tana fitowa daga turaka.

Da ya tambaye ka kasuwar shanu, maganar da ke ransa ce ta rasa mafita, kuma shanu ne kaɗai suka san hanya.

Ka tambaye ni ko rauni ne. A'a, angona. Wanda ya zauna a bencin nan shi kaɗai bai gudu ba, ba raggo ba ne. Mu ma haɗiyewar da muke yi ba jarumta ba ce, ladabi ne aka ɗura mana tun muna ƙanana, kuma wani lokaci yana tsayawa a wuya. Kai ka zubar da naka a gaban duniya, shi ya zubar da nasa a wuyan rago. Ruwan dai ɗaya ne.

Ka kawo min takwarata. In ka ƙi, zan kai ƙararka wajen mai unguwa a raba auren nan.

Taka har abada,
Inna Kubura

*

Sabo, Ibadan

Zuwa ga uwargida ran gida,

Ina gaishe ki da kyau. Muna lafiya. Takwararki ta fara dariya, kuma ba haƙori ko ɗaya, kamarku ta fito sosai.

Na karanta takardarki a wajen aiki, na shiga bayan ƙofa don kada a sake ɗaukata hoto. Siddiƙa ta karanta ta ce in daina cika baki, wai ni ma in na saya mata abu sai in ce rahusa na samu.

Amma Inna, tsire ba ya magana. Yaro ba ya sanin wanda ya saya, wanda ya miƙo masa ya sani. Na yi shekaru ina tsammani ba a so na a gidan ubana, alhali kalma ɗaya ta isa. Ba na so Kubura ta jira sai ta yi furfura kafin wani ya ba ta labarin rago.

Za mu zo jajiberin Sallah. A kafaɗata zan shigo da ita, kuma ba zan sauke ta don kowa ba. Kada ki ce wa Baba komai, ina so in ga abin da zai yi da kansa. In ya fita, to, na dai zo na gan ki.

Maganar mai unguwa kuma ki bari, ba wanda zai kwashi tsohuwa in na sake ki.

Angonki,
Suhaibu

*

Daura, bayan Babbar Sallah

Zuwa ga uban Kubura,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa lafiya, gajiya ta bi lafiya. Nan ruwa ya sauka, an fita shuka, gwiwata ma ta ji sanyi ta lafa. Babarka tana gaishe da Siddiƙa. Kun manta hular yarinya da ƙafar safa ɗaya, kuma kada ku sa ran ganinsu, akwai wanda ya sa su a aljihu.

Na san kana wurin aka yi komai, amma idanunka sun cika da ruwa, ban tabbata ka gani ba. Bari in ba ka labari.

Ka shigo zaure da yarinya a kafaɗa, ƙirji a gaba kamar mai shiga dambe. Ka durƙusa ka gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Ina leƙe ta labule na ga fuskarka ta faɗi. Sai ya jawo takalmi. Na ce shi ke nan, yau aurena ya mutu. Ashe matsar da su yake don ya gyara wurin zama. Ya miƙa hannu biyu ya ce, "Kawo min uwata nan."

Kai da ka rantse ba za ka sauke ta don kowa ba, ko gardama babu.

Abin da ka manta, ɗan boko, shi ne al'adar da ta rufe masa ƙofarka ita ce ta buɗe masa tata. Jika ba a jin kunyarsa. Ya ɗaga ta sama, ya yi mata rawa, mutumin da ko a bikinsa bai taka ba. Sannan ya zaunar da ita a cinya ya fara aike. "Inna ƙarama, ba kya ba ubanki abinci ne? Dubi yadda ya rame." "Inna ƙarama, ki gaya masa ya daina tafiyar dare a hanyar nan." "Ki ce masa ya yi ƙoƙari, ya riƙe ku da kyau." Kana zaune kusa da gwiwarsa, amma sai an bi ta kan jaririyar da ko zama ba ta iya ba. Ita kuwa ta damƙe gemunsa tana ja. Da ruwa ya gangaro masa ya ce ta tsone masa ido. Da wane hannu? Duka biyun suna cikin gemu.

Ranar Sallah da yamma kun tafi gaishe da dangin Siddiƙa kun bar ta tana barci, ba ka ga wannan ba. Tana farkawa ya saɓa ta a kafaɗa, irin yadda kake yi, ya fita da ita ƙofar gida inda mutane ke zaune, har da Abdulbaƙi da ya zo yawon Sallah. Ya ce, "Alhaji, ga wadda aka yi wa kukan. Duba ta da kyau ka gaya min ko an yi asara." Abdulbaƙi ya ce wallahi ba a yi ba, har ya nemi a ba shi ya ɗauka. Aka hana shi.

Ni kuwa ina zaune ina kallon mutumin nan da ban taɓa riƙewa a gaban jama'a ba, ga shi yau wata Kubura ta riƙe shi gam, kowa na gani. Na ce to, takwara, ki yi mana mu biyu. Sai hayaƙin suya ya shiga min ido. Kada ka yi min dariya, hayaƙi ne na gaske, ka san babarka da ɗanyen itace.

Tun da kuka tafi yake zagaye gida kamar wanda ya ɓatar da akuya. Ɗazu ya shigo da ƙunshin kilishi, don tsire ba zai kai Badun ba. Ya ajiye ya ce, "Inna, in Mainasara ya zo ki ba shi, ki ce saƙonki ne." Na ce, "Ni na yi ritaya. Na tsufa, kabari nake hange, ba zan ƙara ɗaukar ladan wani ba. Ga biro, ga sauran takarda." Ya ce hannunsa ba shi da kyau a boko. Na ce nawa ma kamar kaza ta yi tonon ƙasa, kuma ana karantawa. Ya daɗe yana juya biron kamar zai taya shi. Yanzu ga shi ya ce in juya baya, kada in kalla. Na juya. Abin da ka gani a ƙasa ba ruwana.

Tsohuwar amaryarka,
Inna Kubura

Kilishin nan ni na saya. Ka riƙa ɗaukarta, suna saurin girma.

Babanka